Amsar da ba sifili ba: yadda GnuTLS ta karɓi satifiket ɗin da ta kasa karantawa

Ranar Litinin 3 ga Maris 2014 masu kula da GnuTLS suka saki sigogi biyu lokaci guda, 3.2.12 da 3.1.22, haɗe da ɗan faci na waɗanda har yanzu suke kan tsohuwar 2.12. Sanarwar gajeriya ce, wai akwai ɓaraka wajen tantance satifiket (takardar shaidar da saba ke nunawa don a tabbatar ita ce), wanda ya ƙera nashi ta wata hanya zai iya wucewa ba a kama shi ba. Lambar da aka ba matsalar ita ce CVE-2014-0092. Wanda ya gano ta kuma ba wani ɗan kutse bane daga waje, Nikos Mavrogiannopoulos ne, babban marubucin GnuTLS ɗin tun farko, ya ci karo da ita ne yana bin kod ɗin layi-layi a wani binciken da aka yi wa Red Hat.

Na daɗe ina komawa kan wannan lamarin, duk sanda zan nuna wa wani yadda ake duba amsar fankshin a yaren C shi nake ɗaukowa, saboda babu wani lissafi mai wuya a ciki ko kaɗan. Ba a karya RSA, lissafin da ake sa hannu dashi, ba, ba a saci makulli ba, ɓangaren ɓoye bayanai ma ba a taɓa shi ba. GnuTLS ta ga satifiket ɗin a lalace yake, ta gani sarai, har ta ba da lambar kuskure daidai da abin da ta gani, kawai dai lambar ta faɗa hannun wanda ba irin wannan amsar yake jira ba, shi kuma ya ɗauke ta a matsayin eh.

Ga wanda bai san ta ba, GnuTLS laburare ne da manhajoji ke kira idan zasu yi magana da wata saba a asirce, wato aikin nan na TLS da ke sa ka ga ɗan kwaɗo a gefen adireshi. Yawanci OpenSSL aka fi sani, amma a lokacin lasisin OpenSSL baya jituwa da GPL, lasisin da manhajoji da yawa ke ƙarƙashinsa, shi yasa Debian da Ubuntu suka ɗaura manhajoji da dama kan GnuTLS, irinsu Exim mai aika wasiƙu, da CUPS na firinta, da OpenLDAP, da kuma nau'in libcurl ɗin da git ke amfani dashi in zaka jawo kod ta https. Kaga kenan mutum zai iya yin shekaru yana dogaro da ita bai taɓa jin sunanta ba. Kuma ɓarakar ba sabuwa bace, ko RHEL 5, tsarin Linux na Red Hat da ya fito tun 2007, sai da aka aika masa nashi facin a watan nan.

Toh sai an ɗan leƙa cikin satifiket kafin a gane inda abin ya karkace. Satifiket na X.509 kashi uku ne, akwai jikin takardar da ake kira tbsCertificate, nan ne sunan mai ita yake da makullinsa na fili da ranar farawa da ranar ƙarewa da sunan hukumar da ta bayar, sai sunan hanyar da aka bi aka sa hannu, sai sa hannun kansa. Duka ukun ana dunƙule su ne da wani tsari mai suna DER, ɗan gidan ASN.1 da aka gada daga ƙa'idojin sadarwa na shekarun 1980. Tsarin bashi da ado, kowane abu bait ɗaya ne ke faɗin ko menene shi, sai tsawonsa, sai abin da ke ciki, a cikin wancan kuma ana iya samun wasu masu irin wannan tsarin, kamar kwano cikin kwano. Duk wanda ya taɓa buɗe fayil ɗin satifiket ya lura kusan kullum da MII yake farawa, toh bait 30 da 82 ne na farkon DER suka koma haka bayan an juya su zuwa Base64, hanyar rubuta bait da haruffa, 30 na nufin jeri ne ke zuwa, 82 na nufin bait biyu masu biyowa su zasu faɗi tsawonsa.

Yanzu mu matso kusa da wutsiyar fayil ɗin, wajen sa hannu. In makullin hukumar RSA ne mai bit 2048, abin da zaka gani shi ne wannan:

03 82 01 01 00

sannan bait 256 na sa hannun su biyo baya. 03 ɗin na cewa jerin bit ne, 82 01 01 na cewa tsawonsa 257 (01 na farko 256 yake ɗauka, na biyu 1), sai wannan 00 ɗin da ke tsaye shi kaɗai kafin sa hannun ya fara. Aikinsa shi ne ya faɗi bit nawa ne a ƙarshe ba a yi amfani dasu ba, tunda jerin bit ba dole bane ya cika bait daidai, yana iya ɗaukar daga 0 zuwa 7. A sa hannu na ƙwarai kullum 00 ne. In wani ya mayar dashi 01, a idon mai warware DER fayil ɗin bai karye ba, jerin bit ne mai tsawon 2047, ana iya loda shi lafiya lau. Sai an zo ciro sa hannun don a duba shi ne fankshin ɗin da ke wannan aikin, _gnutls_x509_get_signature, zai raba yawan bit ɗin da 8 ya ga akwai saura, ya ce a'a wannan ba sa hannu bane, ya mayar da GNUTLS_E_CERTIFICATE_ERROR, wato -43. Har zuwa nan komai daidai yake tafiya, mai karatu ya yi aikinsa, ya ga ɓarna ya kuma faɗa.

Abin da ke biye shi ne inda nake so a tsaya a duba da kyau, domin a cikin wannan gida ɗaya ana magana da yare uku. Can ƙasa akwai libtasn1, ƙaramin laburaren da ke warware DER ɗin, shi a wajensa 0 nasara ce, kuskure kuma lamba ce sama da sifili, 2 in ba a samu abin da ake nema ba, 4 in DER ɗin ya karye, 8 in alamar nau'i bata dace ba. A samansa GnuTLS tana da nata tsarin, 0 nasara, kuskure kuma kullum ƙasa da sifili, akwai ma ɗan fankshin mai suna _gnutls_asn2err da aikinsa kawai tafinta ne, ya karɓi 2 ya mayar da -67, ya karɓi 4 ya mayar da -69, ya karɓi 8 ya mayar da -73. Jerin nata yana da kyau wallahi, an bambance kusan kowace irin lalacewa, -34 na Base64 da ya ƙi warwaruwa, -77 na tsawon da ya zarce abin da ke akwai, kowacce da saƙonta da mutum zai karanta ya gane. Wanda ya tsara su ya yi tunani. Sai yare na uku, na fankshin ɗin tantancewa a fayil ɗin verify.c, su tambayar eh ko a'a ake musu, 1 na nufin eh, 0 na nufin a'a. Kaga a yare na biyu sifili albishir ne, a na uku kuma sifili shi ne kora. Duka kuma a akwati iri ɗaya ake zuba su, int, akwatin lamba na C, kompaila mai fassara kod kuma bashi da hanyar sanin wanne ne wanne.

Ɗauki check_if_ca, wanda ake tambaya ko mai bayar da satifiket ɗin nan hukuma ce da ke da ikon sa hannu a takardun wasu. A samansa an rubuta ƙarara cewa gaskiya ko ƙarya yake mayarwa. Amma kafin ya kai ga ainihin tambayar sai ya fara ciro jikin takarda da sa hannu na satifiket ɗin da na mai bayarwa, kira huɗu kenan, don ya gwada ko su biyun abu ɗaya ne, irin na hukumomin tushe da ke sa wa kansu hannu. Bayan kowane kira cikin huɗun nan ga abin da ke rubuce:

if (result < 0) {
    gnutls_assert();
    goto cleanup;
}

A can ƙasa wajen cleanup ana sakin memori, sai return result. Ma'ana in karatun ya gaza, lambar kuskuren nan, -43 ko -69 ko wacce ce, ita ce zata fita a matsayin amsar tambayar eh ko a'a. Shi kuma mai tambayar ga yadda yake dubawa:

if (check_if_ca(cert, issuer, flags) == 0)

in sifili ne a ƙi, in ba sifili bane a ci gaba. -43 ba sifili bace. Shikenan an ci gaba.

Kamar mai gadi ne aka ce masa, in malamin da ke duba takardu ya ce a'a kar ka buɗe ƙofa. Baƙo ya zo ya miƙa takarda, malamin ya juya ta ya juya ta ya ce wannan ai bata ma karantuwa, mai gadi ya saurara bai ji kalmar a'a ba, sai ya zare sakata. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ba wanda ya karɓi na goro, kowa ya bi abin da aka ce masa.

Da a check_if_ca kaɗai abin ya tsaya da da sauƙi, amma wanda ke kiransa, _gnutls_verify_certificate2, shi ma haka aka gina shi. A samansa an rubuta 0 ko 1 kawai yake mayarwa, 1 na nufin an tantance. A cikinsa shi ma yana ciro jikin takarda da sa hannu, in ya gaza ya yi tsalle zuwa cleanup da lambar kuskure a hannu, kuma tsallen nan yana faruwa ne kafin a iso layin da ke yin ainihin lissafin duba sa hannun. Wanda ke samansa shi ma da == 0 yake gwadawa. Toh ka haɗa su ka gani, mutum ya zauna ya rubuta satifiket da sunan duk shafin da ya ga dama, a gurbin mai bayarwa ya sa sunan wata hukuma da kwamfutarka ta amince da ita, sunayen nan ba sirri bane kowa na da su, a gurbin sa hannu ya zuba shara amma ya shirya ta yadda ciro ta zai gaza. GnuTLS ta nemo hukumar a jerin amintattu ta same ta, ta zo ciro sa hannu ta kasa, ta mayar da lamba ƙasa da sifili, na sama ya ga ba sifili ba, bai ɗaga tutar rashin inganci ba, manhaja ta samu sakamako fes babu ko ɗigo. Ba a duba sa hannun aka same shi daidai ba, ba a ma duba shi ba sam.

Gaskiya ne sai maharin ya samu tsayawa tsakaninka da sabar kafin wannan ya amfane shi, kamar mai riƙe da wayfai ɗin da ka hau ko wata na'ura a kan hanyar da bayananka ke bi. Amma ai saboda irin wannan mutumin aka ƙirƙiro satifiket tun asali. In babu shi a tsakiya babu buƙatar a tantance kowa.

Akwai wani abu da ke taɓa ni a layin gnutls_assert() ɗin nan. Sunan zai sa ka zaci tsayar da manhaja yake, toh ba haka bane, ɗan rubutu kawai yake ajiyewa da sunan fayil da lambar layi, shi ma sai in an kunna bin diddigi. Wato a duk sanda abin ya faru kod ɗin na da shaidar cewa wani abu ya karye a daidai wannan layin, yana ma faɗa, sai dai a ɗakin da ba kowa yake faɗa.

Gyaran bai da girma. A check_if_ca an ƙara wata alama kafin cleanup, aka sa mata suna fail, a ƙarƙashinta result = 0, sannan duk tsallen da ake yi bayan gazawar karatu aka karkatar dasu can. A ɗayan kuma aka sa sifili a result kafin a fita. Shikenan. Abin da aka yi a zahiri shi ne an yanke hukuncin da da ba a yanke ba, cewa na kasa karantawa gidansu ɗaya da a'a. Masu saba kuma aikinsu ya zama sabunta kunshin, a Ubuntu 12.04 da Debian 7 sunansa libgnutls26, sannan a sake tayar da duk manhajar da ke riƙe da tsohon a memori, wanda nan ne mutane da yawa ke mantuwa, su sabunta su tafi alhali Exim ɗin da ya tashi tun watan jiya tsohon kod yake ci gaba da gudu dashi.

Tambayar da kowa ke yi ita ce ya aka yi abu kamar wannan ya kwana shekaru a kod ɗin da ke buɗe kowa na iya karantawa. Ni a ganina dalili biyu ne. Na farko, kowane layi in ka kalle shi shi kaɗai daidai yake. if (result < 0) goto cleanup shi ne salon da ya cika laburaren ko'ina, sau ɗaruruwa, kuma a kusan duk sauran wuraren shi ne abin da ya kamata a rubuta, ido ya saba dashi har baya tsayawa a kansa. == 0 ɗin ma daidai ne in ka yarda da bayanin da ke saman fankshin ɗin. Sai ka riƙe gefe biyun a kai lokaci guda kafin ka ga tsagar, kuma dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na biyu, irin gwajin da aka saba yi baya bi ta nan. In ka ce wa mutum ya gwada satifiket mara kyau me zai kawo? Wanda ya ƙare, wanda sunansa bai dace ba, wanda aka canza bait ɗaya a tsakiyar sa hannunsa, wanda hukumarsa ba a san ta ba. Duka waɗannan takardu ne masu karantuwa, ƙarya ce kawai a cikinsu, kuma GnuTLS na korarsu yadda ya kamata, kowanne ya samu sifilinsa. Wanda ke wucewa shi ne wanda ya lalace daidai gwargwado, bai lalace har a ƙi loda shi ba, bai kuma gyaru har a iya ciro sa hannunsa ba. Mai gaskiya baya ƙera irin wannan ko da kuskure, sai mai nema.

Kuma kar wani ya ce sakacin mutanen GnuTLS ne su kaɗai, abin da ya ci Doma baya barin Awe. A Janairun 2009 OpenSSL ta fitar da 0.9.8j kan CVE-2008-5077, kuma in ka karanta zaka rantse labari ɗaya ne aka canza sunaye. EVP_VerifyFinal amsa uku yake bayarwa, 1 sa hannu daidai, 0 ba daidai ba, -1 an samu wata matsala. Wasu wurare a cikin OpenSSL ɗin kanta suna duba shi da alamar ! kawai, mai nufin in ba gaskiya bane, kamar eh ko a'a ne, a C kuwa duk abin da ba sifili ba gaskiya ne, har -1. Makullan DSA da ECDSA, wasu hanyoyin sa hannu banda RSA, abin ya shafa, dalili kuwa sa hannunsu lambobi biyu ne r da s da ake dunƙulewa cikin DER, sai an warware kafin a yi lissafi, in warwarewar ta gaza -1 ke fitowa. Nan ma dai mai karatu ne ya ce na kasa, aka ji kamar ya ce na yarda. A watan nan manhajojin NTP mai daidaita agogo da BIND mai fassara sunayen shafuka su ma sai da suka yi irin wannan gyaran a nasu kod ɗin. Shekara biyar tsakani, laburare daban, mutane daban, rami ɗaya.

Mutane sun fi haɗa lamarin GnuTLS da na Apple saboda kwana goma ne kacal tsakaninsu, 21 ga Fabrairu 2014 Apple ta saki iOS 7.0.6 kan layin goto fail ɗin nan da aka maimaita sau biyu, wanda ya sa ake tsallake duba sa hannu ana fita da err yana sifili, wato nasara. Sun yi kama ta fuskar cewa duka biyun an fita da wuri da amsar da bata dace ba. Amma ni ina ganin na GnuTLS ya fi zurfi, na Apple layi ne da bai kamata ya kasance ba, kompaila ma zai iya nuna maka akwai kod ɗin da ba a isa gare shi in ka kunna gargaɗin. Na GnuTLS babu layin da ya yi yawa, babu wanda ya ɓace, ma'anar lamba ce ta canza tsakanin hawa da hawa. Bayan wata ɗaya kuma Heartbleed, wata babbar ɓaraka a OpenSSL, ta fito ranar 7 ga Afrilu ta kwashe hankalin duniya, aka daina zancen wannan.

Sau da yawa in na ba da labarin nan sai wani ya ce ai da sun sa bool, akwatin gaskiya ko ƙarya, maimakon int da an huta. Ba haka bane, a gwada a gani. A C in ka zuba -43 cikin bool abin da zai zauna a ciki 1 ne, wato gaskiya, ka ma ƙara ɓoye matsalar kenan tunda yanzu ko lambar ba zaka gani ba. Haka alamar nan da ke sa kompaila ya yi ƙorafi in ba a duba amsar fankshin ba, ita ma bata taimakawa, don an duba amsar, da ma'aunin da bai dace ba aka duba. Abin da ke taimakawa shi ne a raba akwatunan, wanda ke karɓar lambar kuskure daban, wanda za a mayar daban, na biyun ya fara da a'a tun layin farko kuma wuri ɗaya tak ne a duk fankshin ɗin ke da ikon mayar dashi eh, can ƙarshe bayan komai ya wuce. Mai tambaya kuma ya daina cewa in sifili ne a ƙi, ya koma in ba 1 bane a ƙi. A yaruka irinsu Rust an gina wannan cikin nau'in amsar kanta, laburaren webpki misali in DER ya karye BadDer yake mayarwa a ɓangaren kuskure, babu yadda za a yi ya rikiɗe ya zama nasara sai in kai ka zauna ka rubuta hakan da hannunka. Amma duniya cike take da C, kuma ba gobe za a sauya shi ba.

Shekarun baya a wani wurin da na yi aiki muna da ƙaramar manhaja da ke karɓar saƙonni masu sa hannu daga na'urori tana dubawa kafin ta shigar dasu, da OpenSSL aka haɗa ta. Wani ƙanina a wurin aikin, yaro mai ƙoƙari sosai, ya kawo min gyaran da ya yi in duba, ina saukowa sai na ga if (!ECDSA_verify(...)) sannan a ƙi saƙon. Na ce masa zo ka zauna, in sa hannun ya zo a karye me wannan zai mayar? Ya ce, Yaya ai in bai yi daidai ba sifili ne, na gwada, na canza bait a ciki ya ƙi karɓa. Na ce wanne bait ka canza? Ya nuna min, can tsakiyar r ne. Na ce toh koma na farkon, 30 ɗin nan, mayar dashi 31. Ya canza ya tura. Muna kallon allo saƙon ya shige, aka rubuta an karɓa.

Ya yi shiru na ɗan lokaci yana kallon layin, sannan ya buɗe bayanin fankshin ɗin ya karanta da kansa, 1 daidai, 0 ba daidai ba, -1 kuskure. Ya ce, Yaya wallahi na karanta wannan shafin, idona ya wuce ta kan -1 ɗin ban ɗauke shi amsa ba, na ɗauka irin abin nan ne da baya faruwa. Na fahimce shi sarai, don haka yawancinmu muke kallon lambobin kuskure na karatu, kamar na ranar da faifai ya lalace ne ko waya ta yanke a tsakiya, alhali a kod ɗin tsaro su ne amsar da maƙiyi ke iya jawowa duk sanda ya so, tunda shi ke rubuta abin da za a karanta.

Bamu tashi ba sai da muka bi duk inda manhajar ke kiran wani abu mai verify a sunansa, muka samu guda uku, biyu da ! ɗaya da == 0, duka muka mayar dasu != 1. Sannan muka raba abin da ake rubutawa a rajista, sa hannun da bai yi daidai ba layinsa daban, wanda ya ƙi warwaruwa layinsa daban tare da lambar da laburaren ya bayar, domin wajen hukunci gidansu ɗaya amma wajen bincike ba ɗaya bane, in na biyun ya fara yawa daga wuri guda akwai mai taɓa ƙofa. Shi kuma ya buɗe sabon folda a cikin gwaje-gwaje ya fara zuba gurɓatattun sa hannu, na farko mai 31 ɗin nan, sai wanda aka yanke wa bait na ƙarshe, sai wanda tsawonsa ya ce 70 alhali 68 ne a ciki, sai fayil wanda babu komai a cikinsa. Wannan na ƙarshen ne ya tono mana wata matsalar daban a namu kod ɗin da ke warware Base64, wanda in aka bashi fanko sai ya mayar da tsawon sifili, na samansa kuma ya karanta sifilin a matsayin nasara. Ita ta cinye mana sauran yammacin, sai bayan isha'i muka rufe ofis.